Godiya bayan kammala cike takardun tallafin naƙasassu a Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an rufe karɓar takardun neman tallafin masu buƙata ta musamman a sashen walwalar jama'a na sakatariyar ƙaramar hukuma. Mu 'yan sa-kai da muka tsaya kan aikin a nan Daura muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, tare da bayanin abubuwan da suka fi kawo cikas, don na baya su zo da shirinsu.

Godiya ta farko ga iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Sa hannunsu ne ya tabbatar da cewa mutum mazaunin unguwar ne, kuma da shi aka samu takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ba tare da jeka-ka-dawo ba. Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare su suka san mutanensu gida-gida, har da waɗanda ba sa fita ko ƙofar gida. Malamanmu limamai sun yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Allah ya saka da alheri.

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka rubuta rahoton lalura, mun gode. Rahoton da ake karɓa shi ne na asibitin gwamnati, a kan takarda mai ɗauke da sunan asibitin, da sa hannun likita, da hatimi, da kwanan wata. Ya faɗi irin lalurar, ya kuma faɗi ko ta dindindin ce. Katin ganin likita ko takardar sayen magani ba sa zama a madadinsa, kuma mutane da yawa da su suka zo.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne saɓanin suna, kuma a nan ne matasan da suka zauna da kwamfuta suka cancanci yabo na musamman. Lambar NIN ta katin ɗan ƙasa lamba 11 ce, BVN ta shaidar banki ma 11, kuma sunan da ke kansu dole ya dace da na asusun banki harafi da harafi. A katin ɗan ƙasa Muhammad, a banki Mamman. A nan Hauwa'u, a can Kulu. Wani an sa sunan mahaifinsa a gaba, wani an sa masa Daura a matsayin sunan ƙarshe, ko shekarar haihuwa ta bambanta. A wurinmu mutum ɗaya ne, amma na'ura mutum biyu take gani, sai kuɗin ya ƙi shiga alhali sunan yana cikin jeri. Gyaran yana farawa da takardar rantsuwa daga kotu, sannan a je banki ko ofishin hukumar katin ɗan ƙasa, gwargwadon inda kuskuren yake. Wanda ya manta NIN ɗinsa ya danna *346#, na BVN kuma *565*0#, a kan layin da ya yi rajista da shi. Ana cire 'yan kuɗi kaɗan daga katin waya.

Layin wayar ma abin lura ne. Kada a rubuta lambar maƙwabci ko ta mai cajin waya, domin ta nan saƙon tantancewa zai zo. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan rufe shi ya sayar wa wani. Haka asusun da ya daɗe ba shiga ba fita, banki kan dakatar da shi sai mai shi ya je da kansa.

'Yan'uwanmu da kuturta ta ci yatsunsu, ko suka rasa hannu, sun sha wahala wajen ɗaukar zanen yatsa. Muna godiya ga ma'aikatan da suka yi haƙuri suka shigar da bayanin rashin yatsun a na'ura maimakon su sallame su. Ga yara kuma, a zo da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da NIN ɗin uwa ko uba.

Masu fassara wa kurame da hannu sun wuni a tsaye. 'Yan Keke Napep sun ɗauko tsofaffi daga ƙauyuka a kan kuɗin mai kawai. Matan da suka shiga gidaje suka cike wa mata 'yan'uwansu fom, da samarin da suka riƙa ɗaga keken guragu su huɗu-huɗu a kan matakala, Allah ya biya ku da Aljanna. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keke, ta kuma ce a fara sallamar naƙasassu a layi. Wa'adin ya wuce, kuma muna roƙon duk mai iko da gini ya cika wannan haƙƙi.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye ba: shigar da takarda ba alkawarin kuɗi ba ne. Bayan karɓa akwai tantancewa, kuma rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa hanyarta daban, jama'ar unguwa ke zaƙulo gidajen, jami'ai su biyo su ɗauki bayani. Fom ɗin da aka cike kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi na goro don ya sa suna, ko ya nemi lambar sirri ta katin cire kuɗi, a kai maganarsa ga mai unguwa nan take.

Kowa ya adana 'yar takardar shaidar karɓa da kwafin duk abin da ya miƙa a cikin leda, asalin takardun kuma su zauna a gida. Wanda ya canza layi ko ya tashi daga unguwa ya sanar da sashen walwala da wuri, kafin jami'an tantancewa su fara zagaye.