Kufan makiyaya a tudun Dartmoor

Yau kwana biyar da dawowata daga Devon, kudu maso yammacin Ingila, kuma har yanzu baƙar lakar Dartmoor ba ta fita daga takalmana ba. Jirgin ƙasa daga Landan zuwa Newton Abbot ba shi da labari. Wahalar daga tasha take farawa, don bas ba ta cika hawa tudun ba. Ɗan tasi ya kai ni ƙauyen Widecombe a kan fam 35. Na ce masa alhaji a yi ragi mana, ya nuna mini mita da yatsa, bai ko juyo ba. Can ba a san ciniki ba.

A watan Afrilu na je, kuma shi ne daidai. Daga Yuni wata ciyawa mai faffaɗan ganye takan kai ƙugu, ta binne duwatsun duka, ga kaska a cikinta kamar an zuba. A Afrilu tana kwance ja a ƙasa, komai a fili.

Grimspound na fara zuwa. Kufai ne a cikin wani kwari tsakanin tsaunin Hameldown da Hookney Tor, kimanin mita 450 sama da teku. Katangar dutse ce zagayayya, faɗin filin da ta kewaye wajen mita 150, a ciki akwai gindin bukkoki 24, an gina su a ƙarshen zamanin tagulla, sama da shekara 3,000 ke nan. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wurin da aka zaɓa. Mai tsoron hari ba ya gina gari a ƙasan tsauni biyu inda za a jefo shi da dutse daga sama. Wannan katanga ta tsare dabba ce. Babbar ƙofarta tana kallon tudu, wajen kiwo, an shimfiɗe ta da duwatsu don kada kofato ya mayar da ita taɓo, kuma wani ɗan rafi ya ratsa ta gefen arewa, ruwan sha a cikin gida. Duk wanda ya taɓa kwana a ruga zai gane tsarin nan take. Shi ya sa wasu masana ke ganin mashekari ne, ana hawowa da zafi a sauka da sanyi.

Na shiga ɗaya daga bukkokin na auna da taku: huɗu da ɗan ɗori, wato mita uku da rabi. Bango ninki biyu ne na manyan duwatsu a tsaye, an cusa ƙasa da tsakuwa a tsakani, yanzu tsayinsa iya gwiwa zuwa cinya. Jinkar da sandunan sun ruɓe tun tuni. Ƙofar ƙanƙanuwa ce, dutse biyu a tsaye, wasu kuma an yi musu ɗan zaure mai lanƙwasa don iska kada ta shiga kai tsaye. Da iskar ta kaɗa ni na fahimci amfaninsa. Hunturun Jos wasan yara ne. Da aka tona wurin a 1894 an sami murhu da gawayi da ramin girki da wani dandamali na kwanciya a wasu ɗakunan, wasu kuwa ba alamar wuta, ana jin rumbu ne ko ɗakin ƙananan dabbobi. Ƙashi babu, ƙasar wurin mai tsami ce, tana cinye shi. A yi hattara da bukkar da ta fi kyau a tsakiya, wadda kowa ke ɗaukar hoto: masu tonon ne suka sake ɗora mata duwatsu.

Washegari Holne Moor, kusa da madatsar ruwa ta Venford. Nan ne iyakokin gonaki suke, waɗanda mutanen wurin ke kira reave. Na wuce uku ban gan su ba, sai da wani dattijo mai tumaki ya tsayar da babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya ce in tsuguna in dubi gangaren ta gefen rana. Sai ga su. Kunya ce ta dutse da ciyawa ta rufe, tsayi bai fi rabin mita ba, faɗi mita ɗaya zuwa biyu, jere da juna, miƙe sak kamar an ja da igiya. An yi su wajen shekara ta 1700 zuwa 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba sa kauce wa kwazazzabo: layi zai gangara kwarin kogin Dart ya ɓullo a ɗaya gefen bai karkace ba. Dukkansu suna tafiya su tuƙe a wata doguwar kunya guda da ta gitta musu. Ƙasanta gona, samanta makiyaya ta kowa. A wasu wurare kunya biyu na tafiya kusa da juna, tsakaninsu hanya, burtali ke nan ba ko tantama. Na tsaya a ciki ina tuna burtalin garinmu da gero ya cinye taku-taku har saniya ɗaya ba ta iya wucewa. Andrew Fleming, masanin binciken kufai da ya fara tono a nan a shekarun 1970, ya sami ramukan turaku a ƙarƙashin dutsen, wato shingen itace aka fara kafawa.

Baƙo yakan ruɗe, don ba kowace kunya ce tsohuwa ba. Wadda ke bin gefen tudu a kwance tana lanƙwasa, magudanar ruwa ce ta masu haƙar kuza ko masu injin niƙa. Wadda ke da bango a tsaye da rami ta wajen daji, cikinta kuma gangare, ita ma ta ƙarnukan baya ce, amma ta zo bayan reave da nisa, an yi ta ne don barewa ta kasa shiga gona amma in ta shiga ta iya fita. Dattijon ya nuna mini duka biyun, sannan ya ja ni gida matarsa ta kawo shayi da wani burodi mai kirim da jam, suka ƙi karɓar ko kwabo. Irinsa na saya a Widecombe fam 8, bai kai nasu ba. Shi ya gaya mini har gobe gonarsa na da haƙƙin sakin dabbobi a tudun, adadi ƙayyadadde, kowace tunkiya da fentin mai ita a gadon baya. Ƙarnuka da suka wuce dubban shanu ake korowa daga ƙauyukan Devon duk lokacin zafi, a biya kuɗin ciyawa a kan kowane kai, jangalinsu ke nan.

Hound Tor a gurguje na gani. Ƙauye ne na ƙarni na 13, dogayen gidaje huɗu, mutane a ɓangaren sama, shanu a na ƙasa da kwata a tsakiya, ga rumbuna masu murhun busar da hatsi saboda damshi. An watse kafin tsakiyar ƙarni na 15.

Arewacin tudun ban shiga ba, sojoji na atisaye, an ɗaga jar tuta. Hazo ya sauko da la'asar, na bi kwalta na koma masauki.