Matse data a layin ISDN, ina gaskiyar ninki huɗun nan?

ISDN layin waya ne na dijital da aka yi yayinsa kafin zuwan intanet mai sauri, kuma masu sayar da na'urorinsa sun yi ta cewa matse data zai ninka saurinsa sau huɗu. Na gida ko ƙaramin ofis lissafinsa ba wuya. Hanyoyi biyu ne da ake kira B, kowacce 64 kbps, sai wata 'yar ƙarama D mai 16 wadda aikinta haɗa kira da katse shi. In ka haɗa B ɗin biyu da Multilink PPP, wato tsarin da ke ɗaure su su zama hanya ɗaya, ka samu 128, amma fa a lokacin a wurare da yawa kamfanin waya kuɗin kira biyu yakan caji mutum, shi ya sa masu wayo suka fi maida hankali kan matse data, wato a layi ɗayan nan a tura kaya fiye da kima ba tare da an ƙara ko sisi ba.

Dabarar ba tsafi ba ce. Tun 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka fito da ita: na'ura tana riƙe abin da ta tura yanzu-yanzu, in ta sake cin karo da shi ba za ta maimaita ba, sai kawai ta ce wa ta wancan ɓangaren "koma baya kaza ki kwafo kaza". Shi ke nan fa. Hanyoyin matsi irin Stac LZS da MPPC na Microsoft duk daga nan suka samo asali, kuma kafin a fara sai na'urorin biyu sun yi ciniki ta CCP, wato tsarin zaɓen irin matsin da za a yi, sun yarda da iri ɗaya, in rauta ɗinka Stac kaɗai ta iya, ta mai ba ka intanet kuma MPPC, to haka za ku haɗu lafiya lau, ba wani kashedi, data tana tafiya a sake kai kuma kana ta murna wai ka kunna matsi. 

Abin da ke ba ni haushi shi ne rubutun jikin kwalin na'urorin. Ninki huɗu! Gaskiya ce, amma sai in rubutu zalla kake turawa, irin HTML ko imel ko fayil ɗin da ke cike da maimaici. Ka gwada da ZIP ko hoton JPEG ka gani, kamar ka sake matse tsumman da aka riga aka matse ne, ko ɗigo ba za ka samu ba. Datar da aka kulle da sirri ma haka take. A zamanin modem ma tsarin matsi na MNP5 har kumbura irin wannan fayil yake yi, wani tsarin mai suna V.42bis da ya zo a 1990 ne ya iya gane ba riba ya bar data ta wuce yadda take.

Akwai kuma wani tarko da mutane ba sa lura da shi, a bayan kwamfutar yake. In adaftar ISDN ɗinka ta waje ce da ke shiga ta siriyal fot, yawanci iyakarta 115,200 bps, kuma kowane bayit sai an maƙala masa bit na farawa da na tsayawa, ya zama goma maimakon takwas. Yi lissafi da kanka, kusan bayit 11,500 ke nan a daƙiƙa, alhali 128 kbps kaɗai tana iya kawo 16,000 tun ma ba a matse komai ba. Layi ya kawo, ƙofar ce ta yi kaɗan. Kati na cikin kwamfuta ko rauta mai Ethernet ba su da wannan matsalar.

Ni wanda na fi yabawa ma matse kan fakiti ne, wato bayanan adireshi da ke gaban kowane ƙunshin data, na Van Jacobson, shi ma na 1990. Kan TCP/IP mai bayit 40 yakan koma kamar uku zuwa biyar, kuma mai aiki da telnet (sarrafa kwamfuta daga nesa ta rubutu), da harafi ɗaya tak yake tafiya da wannan katon kai a kowane fakiti, nan take yake jin bambancin a yatsunsa.