Libarbar da nake ɗauka kullum a Houston

Shago nake tsaro a kudu maso yammacin Houston, sai sha biyun dare nake rufewa. Daga ƙofar shagon zuwa inda nake ajiye mota bai fi taku talatin ba, kuma a ɗan tsakanin nan wasu samari biyu suka tare ni wani dare suka ƙwace jakar ciniki. Allah ya tsare rai. Wata biyu ina juya maganar a zuciya kafin na faɗa wa maiɗakina zan nemi bindiga. Ba ta hana ba, sharaɗi ɗaya ta kafa: "Maigida, in za ta kwana gidan nan da yara, to a kulle za ta kwana." Saboda haka akwatin ƙarfe mai lambar sirri na fara saye.

Na taso ban taɓa riƙe ƙaramar bindiga ba, don a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsashi da ke juyawa, da fistol cikin waɗanda aka haramta wa farar hula. A Texas kuwa, tun 1 ga Satumba 2021, wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi mallaka ba, yana iya ɗauka ko ba shi da lasisi. Duk da haka na shiga ajin lasisin, darasi na awa huɗu zuwa shida da gwajin harbi na harsashi 50. A nan na san wuraren da ba a shiga da ita: makaranta, kotu, mashaya mai alamar 51% (wadda yawancin cinikinta na giya ne), da duk inda aka liƙa sanarwar 30.06 mai hana shiga da bindiga a ɓoye.

Libarba na zaɓa saboda sauƙinta ga ɗan koyo. Ba maɓallin da za ka manta ka murɗa, kuma in harsashi ya ƙi tashi sai ka sake jan kunama, gangar ta juyo da na gaba. Harsashi biyar kacal take ci, na sani, na kuma yarda da hakan.

Ta farko da na saya ita ce Model 60 ta Smith & Wesson, baƙin ƙarfe ce zalla marar tsatsa, nauyinta sama da giram 600. A filin atisaye ta yi mini daɗi ƙwarai. Matsalar daga tufafina ta fito. Zafin Houston ba ya barin mutum ya ɗora kwat, ni kuma wando mai laushi nake sawa, ranar Juma'a kaftani. Nauyin sai ya riƙa janyo aljihu ƙasa, duk mai ido ya ga akwai abu. Kafin wata uku na lura kwanakin da nake barin ta a akwati sun fi waɗanda nake fita da ita.

Sai na koma neman wadda ta fi kowacce rashin nauyi. Aka nuna mini 340PD ta kamfanin dai, wadda nauyinta bai fi giram 330 da 'yan kai ba, ga ta tana cin harsashi mai ƙarfi na .357 Magnum. Na ɗaga ta na ji kamar wayar hannu, har na fara lissafin kuɗi. Malamin da ke koya mana, wani dattijo tsohon soja, ya ce kada in biya sai na harba. Ya ara mini tasa. Harbi na farko na ji kamar an maka mini taɓarya a tafin hannu. A na uku hannuna ya fara noƙewa tun kunamar ba ta ƙarasa ba, harsashin ya sauka can ƙasa da inda na auna, a nisan yadi bakwai kawai. Dattijon ya bayyana mini dalili: ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma nauyin ƙarfe ne ke shanye shi. In an rage ƙarfen, tafin hannunka zai shanye. Akwai gwanayen da suka iya da ita, amma ni na san ba zan jure atisaye da ita ba, kuma ɗaukar makamin da ban iya sarrafawa ba cikin jama'a alhaki ne da ba zan iya ɗauka ba.

Tsakanin biyu na ƙare, duka masu cin harsashin .38 Special, wanda bai kai .357 ƙarfi ba: Ruger LCR, wadda ta fito a 2009 mai nauyin giram 380 da ɗoriya, da Model 642 mai jikin alminiyam, giram 400 da kaɗan. Gaskiya kunamar LCR ta fi santsi. Amma 642 ta fi kwanciya a aljihuna, ita na ɗauka. Gudumarta, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, a rufe take cikin jiki, babu abin da zai maƙale a yadi. Na sa mata mariƙin roba mai ɗan tsawo don ƙaramin yatsana ya sami wurin zama, wannan kaɗai ya rage zafin sosai.

Kube ma sai da na canza sau biyu. Wanda ya dace shi ne mai rufe kunama ruf, mai zama cikin aljihu in an zaro bindigar. Aljihun nan kuma nata ne ita kaɗai, ko makulli ba ya shiga.

Ƙaramar libarba tana da wuyar saiti, bakinta bai kai inci biyu ba, kunamarta kuma da tauri. Duk wata nakan je in harba 50 da harsashi mai sauƙi, sannan biyar da irin wanda nake ɗauka. Yanzu motata a bakin ƙofar shago nake ajiye ta, kuɗin ciniki kuma da rana ake kai su banki. Ban taɓa zaro ta a kan mutum ba, ina roƙon Allah kada ya nuna mini ranar. In na dawo gida, kafin in cire takalmi nake buɗe akwatin in sa ta in kulle, sannan in leƙa ɗakin yara.