Na Je Yauri Neman Kifin Ratayawa a Bango

A wani otal a Abuja na ga hoton: kifaye ja da rawaya a ƙarƙashin Bahar Maliya, an buga shi ƙato, an rataye a bango. Na daɗe tsaye a gabansa. Ni ɗan Kebbi ne, da kifi aka san mu, amma duk hoton kifinmu da na taɓa gani, ko dai a kan sikeli yake a bikin Argungu, ko a kwance a kasuwa. Ban taɓa ganinsa a gidansa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Sai da na jira watan Janairu. Ruwan da kogin Neja ke kawowa da damina laka ce zalla, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki. Amma akwai wani ruwan da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana lokacin sanyi a tace. Shi ake kira baƙin ruwa, shi nake nema.

Bayan sallar asuba na bar Birnin Kebbi, na bi ta Jega da Koko, kafin azahar ina Yauri. A bakin ruwa na samu wani dattijo Basarke yana ɗinkin koma. Na gaishe shi, na nuna masa 'yar kyamarata a cikin kwanson da ruwa ba ya shiga. Ya juya ta, ya ce, "Ɗana, kifin ne ba za ka ci ba, sai dai ka kalla?" Na ce, "Haka ne, Baba." Ya yi shiru, sannan ya ce in sa rigar ruwa mai hana nutsewa, ba ya ɗaukar kowa a kwalekwalensa ba ita. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ruwan nan ya ci mutane da yawa.

Mun nufi gefen wani tsibiri inda ciyawa ta nutse. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogin ya baje a nan kamar tafki. Na ɗaura kyamarar a sanda na zura. Ruwa yana shanye launi, ja ne farkon tafiya, shi ya sa masu ɗaukar hoto a teku ke nutsewa da fitilu. Namu kuwa, ka kunna fitila sai ƙurar cikinsa ta haske kamar hazo. Dole na kashe, na tsaya sama-sama inda rana ke ratsawa, na matsa dab da abin da nake so.

Karfasa ba ta tsayawa. Baba ne ya nuna mini ƙarƙashin wani kututture, inda kurungu ke iyo a rigingine, cikinsa sama, gashin bakinsa na lilo cikin haske mai ruwan zuma.

Cikin hotuna sama da 300, uku suka fita. Na kurungun na kai aka buga a takarda marar sheƙi, don kada hasken taga ya riƙa cinye shi, kafinta ya yi masa firam. Ƙaramin kwafi ɗaya yana cikin jakata, na Baba ne, zan kai masa ranar kasuwa.