Godiya bayan walimar Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an yi walima an watse lafiya, tabarmi da kujerun aro duk sun koma ga masu su. Mutanen Birni da Zango da Garin Malam, da waɗanda suka taso tun daga Mirriya da Magarya don taya ni murnar kammala digirin dakta, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Gwaggo, ki yi haƙuri. Kin kawo mini ciwon gwiwarki a gaban jama'a na kasa rubuta miki magani. Ni ba lokotoron da ke duba marasa lafiya ba ce. Bari in faɗi abin da ya zaunar da ni Faransa shekara biyar, tunda ranar hayaniya ta hana.

Jikinmu cike yake da furotin. Kowane ɗaya dogon zare ne da aka jera da sinadarai iri 20, kuma yawancinsu ba sa aiki sai sun naɗe, kamar rawani: yadi ɗaya ne, amma naɗin dogari dabam, na malami dabam. Idan naɗin ya karkace, aiki ya ɓaci. Abin tsoron shi ne, wani karkataccen yakan ja ɗan uwansa mai lafiya ya karkace, su manne, su yi dunƙule a cikin ƙwaƙwalwa. Wanda na yi aiki a kansa sunansa alfa-sinukilin, mai ƙwayar sinadari 140 a zarensa. Shi ma asali sakakke ne, ba shi da tsayayyen naɗi. A 1997 aka gano shi ne ke cike dunƙulen da ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson, wadda wani likitan London, James Parkinson, ya bayyana tun 1817.

Dangi sun san dalilina. Marigayi kakanmu, a ƙarshen ransa hannunsa karkarwa yake har ya kasa naɗa rawaninsa, sai Baba ya naɗa masa ranar Juma'a. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce jifa. Ina ƴar lakwal a lokacin, ina kallo. Maganin da ake bayarwa yau, lebodofa, yana rage karkarwar amma ba ya tsayar da cutar. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Baba, an yi surutu da ka bar ɗiya mace ta tafi, ka toshe kunne. Inna, ke kika sayar da tumakinki lokacin da kuɗin karatu suka yi jinkiri, ba ki faɗa mini ba sai a bakin Yaya na ji. Shi kuma Yaya, daren da firijin ɗakin gwajinmu ya mutu, aikin wata bakwai ya narke, na kira shi ina kuka na ce gida zan dawo. Ya ce to, amma in kwana tukuna. Da safe na koma na fara daga farko. Na gode.

Malamaina na nan Damagaram da na Yamai, ba zan lissafa ba kada in manta wani. Sai dai mushen da ya dafa mana ƙwai a aji, ya ce wa zai mayar da shi ɗanye, ya sani tambayarsa na bi har can, don ita ma maganar naɗin furotin ce.

Ɗaliban Jami'ar André Salifou sun tare ni da maganar AlphaFold, manhajar da masu ita suka sami kyautar Nobel a 2024, wai ko ta gama aikin. Tana hasashen naɗi ƙwarai, amma yadda ake hana dunƙulewa sai an zauna an gwada da hannu. Ina nan gida har bayan Sallah, mai son mu zauna ya zo bayan la'asar.

Akwai kuma wanda ya bar tabaransa a zaure, yana wurin Inna.