Na dawo gida, ga godiyata

Alhamdulillahi, an sallame ni. Jiki da sauƙi, sai gajiya, da hannun da bai gama daina rawa ba, don haka ku yi haƙuri da rubutun. Wasunku sun san abin da ya faru: litiyam, maganin da nake sha, shi ya taru a jinina har aka kwantar da ni a asibiti.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga 'yan ƙungiyarmu ce, mu masu fama da baifola, lalurar ƙwaƙwalwar da ke sa yanayin mutum ya riƙa hawa da sauka fiye da kima. Musamman Anti, uwar tafiyar. Ta ce kada in ambace ta. To ban faɗi suna ba, amma duk wanda ya san mu ya san wa nake nufi.

A daren nan amai da gudawa sun riga sun galabaitar da ni. Na tashi zan shiga banɗaki sai na ji ina tangaɗi, ga harshe ya yi nauyi. Lokacin shan litiyam ya yi, ƙwayar tana tafin hannuna, na rasa abin yi. In sha, ban san me ke faruwa a jikina ba. In bari, duk mun san inda barin magani yake kai mutum. Sai na kira ta.

Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ƙanwata, faɗi cikakken sunanki in ji." Ashe nauyin bakin take saurare. Ta tambaye ni rabona da fitsari, da ko na sha maganin ciwon jiki irin ibufurofen ko diklofenak, na ce ban sha ba. Ta ce, "Ni ba likita ba ce, amma ajiye ƙwayar nan. Ɗauki kwalin gaba ɗaya a kai ki asibiti yanzu, kada ki jira safiya. Ki ce a auna litiyam ɗin da ke jininki." Ba ta kashe waya ba har maigidan ya samo mota. Ina kuka, ita kuma tana ta maimaita mini abin da zan faɗa wa nas.

Daga baya likita ya yi mini bayani: ƙoda ce ke fitar da litiyam, idan ruwan jiki ya ragu sai ya taru. Yawanci ana son awonsa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.0, da ya haura 1.5 an shiga haɗari. Nawa ya haura. Anti ta gane ne don ita ma ta taɓa bin hanyar.

Sai Yaya, shi ma ɗan ƙungiyarmu, wanda ya zauna a gefen gadona ranar da na rantse na gama da magani har abada. Bai yi mini wa'azi ba, biro ya miƙo mini muka jera tambayoyin da zan yi wa likitan ƙwaƙwalwa. Idan aka ce a canza magani a koma balfuroyet, in tambayi batun ciki, don yana cutar da jariri. Idan lamotirijin ne, in tambayi ƙurajen da ba a wasa da su. Idan litiyam za a ci gaba, yaushe za a riƙa duba ƙoda da tayirod da ke maƙogwaro. Tsakanin Anti da Yaya ba wanda ya ce mini "sha irin nawa". Wannan na riƙe shi.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Yadda kuka hana idonku barci saboda ni, Allah Ya ba ku barci mai daɗi, Ya daidaita muku magungunanku, Ya rufa muku asiri duniya da lahira. Nas-nas na dare, da maigidan da ya sha wahala bai ce uffan ba, Allah Ya biya ku da Aljanna.

Dangin da ba su samu leƙowa ba, na san hidima ta yi yawa. Saƙon "ai dama mun ce ki rabu da ƙwayoyin nan" kuwa ya iso ni ina kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Na karanta.

Masu kira, don Allah ku bari sai da rana. Likita ya ja mini kunne sosai a kan barci, yanzu da wuri nake kashe waya.