Yadda ake haɗa rigar da za ta sa mutum ya ji duniya kamar jemage

A watan Satumba na 2015, wata ƙungiyar masu fasaha ta Landan mai suna Marshmallow Laser Feast ta kai mutane dajin Grizedale a arewacin Ingila, ta ɗora musu wani kwalkwali mai tabaran VR a ciki, wato tabarau mai nuna hoton kwamfuta kamar mutum yana cikinsa. Sun riga sun auna dajin da na'urar lesa, sun ɗauki sautinsa. Mai kallo yana ganin wurin da yake zaune ta idon halittu huɗu: wani ƙaramin ƙwaro dangin sauro, da mazari, da kwaɗo, da mujiya. A bayansa kuma akwai jakar SubPac mai mayar da sauti girgiza, har mutum ya ji kaɗawar fiffike a ƙashin bayansa. A ganina wannan jakar ta fi tabaran aiki. Ido ya saba da kallon fim, yana iya cewa hoto ne kawai, amma abin da ya taɓa fata jiki yakan yarda da shi nan take.

Saboda haka mai son gwada irin wannan fasaha ba sai ya sayi tabarau mai tsada ba. Jemage ya fi sauƙin farawa da shi, domin duniyarsa ta sauti ce. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari nake nufi, waɗanda ke fitar da ƙara mai siririn amo su saurari amsa-kuwwarta. Manyan nan masu cin 'ya'yan itace da ke rataye a bishiyoyin cikin gari da ido da hanci suke neman hanya.

Kayan da ake bukata kaɗan ne. Allon Arduino Nano ɗaya, wato 'yar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni ta sarrafa sauran kayan. Na'urar auna tazara HC-SR04 guda uku, kowace tana harba sauti mai kilohaz 40 tana auna daga santimita 2 zuwa mita 4. 'Yan na'urorin girgiza guda uku irin na cikin wayar salula, masu bolt 3. Sai transista 2N2222 uku, da resista mai om 1,000 uku, da diyod uku, da fawa bank, da ƙyallen rufe ido. Na'urorin awon a ɗinka su a jikin hula, ɗaya gaba, biyu a gefe suna kallon dama da hagu. Masu girgizar kuma a jikin riga mai kama jiki: ɗaya a tsakiyar ƙirji, biyu a haƙarƙari.

Kada a haɗa mai girgiza kai tsaye da ƙafar Arduino, wato 'yar tsinken ƙarfen da ake jona waya a jikin allon. Ƙafar ba ta ɗaukar fiye da miliamfa 40, mai girgizar kuwa yakan ja kusan ninki biyu na haka, sai allon ya ƙone. Transista ce za ta ɗauki nauyin, diyod kuma ta tare wutar da ke dawowa idan an kashe. A bar tazarar da ta wuce santimita 5 tsakanin masu girgizar, domin fatar gangar jiki ba ta bambance taɓawa biyu da suka kusanci juna yadda yatsa ke yi.

Lissafin ba wuya: a raba lokacin dawowar sautin, a mikirosakan, da 58, sai a samu santimita. Wannan lambar ta ginu ne kan gudun sauti na mita 343 a daƙiƙa a zafin digiri 20. Idan zafi ya kai 40, gudun yana kusan 355, kuskuren bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, ba abin damuwa ba ne.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen lokaci. Idan aka harba na'urorin uku tare, ta dama za ta ji amsar ta gaba, riga ta yi ta girgiza ba dalili. A harba su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar milisakan 30. Sannan umarnin pulseIn, wanda Arduino ke auna lokacin dawowar sautin da shi, idan ba a ƙayyade masa ba, yakan tsaya jiran amsa har daƙiƙa guda cur. A fili, inda babu abin da zai mayar da sauti, riga za ta daskare, mai tafiya ya ci karo kafin ta farka. A sa masa iyakar mikirosakan 12,000, wato kimanin mita 2. Wata matsalar ita ce fawa bank da yawa suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, don haka a gwada kafin ranar nuni.

Girgizar kuma kada ta zama mai ɗorewa, fata tana sabawa da ita ta daina lura. A yi ta bugu-bugu: sau biyu a daƙiƙa idan abu yana mita 2, sau goma idan ya zo rabin mita. Haka jemage yake yi, yana ƙara yawan kiransa idan ya kusanci ƙwaro, har ya kai kusan 200 a daƙiƙa gab da cafka.

Ɗakin nunin ya zama ba matakala, da mai rakiya a gefen duk wanda aka rufe wa ido. A jera kwalaye da ginshiƙan katifa, a ba mutum 'yan mintuna ya koyi yaren rigar har ya saki jiki. Za a ga kafaɗunsa sun sauka, ya fara juya kai hagu da dama da kansa yana lalube, ba wanda ya koya masa.

Sai a kai shi wurin da aka jingine falle mai santsi, na gilashin roba ko ƙarfe, a karkace. Riga za ta yi tsit, domin sautin ya zame gefe bai dawo ba. Mutum zai taka da ƙarfin gwiwa, sai hannunsa ya bugi abin da jikinsa ya rantse babu shi. Masu haɗa kayan lantarki suna ɗaukar wannan a matsayin naƙasar HC-SR04, suna neman gyara ta. Ni kam na ce a bar ta, ita ce zuciyar aikin. A 2017 Stefan Greif da abokan bincikensa sun nuna a mujallar Science cewa haka yake faruwa da jemagu na gaske: cikin 21 da aka gwada, 19 sun yi karo da fallen ƙarfe mai santsi da aka tsayar, saboda sun ɗauka hanya ce a buɗe. Tun 2010 ma ya nuna cewa idan aka shimfiɗa irin fallen a ƙasa, jemagu kan sauko su yi ta ƙoƙarin shan ruwa a kansa.

Kada a faɗa wa mutum wannan kafin ya shiga. A bari ya cire ƙyallen, ya ga abin da ya buga, sannan a nuna masa hoton dogon bene mai bangon gilashi, a ce masa haka jemage yake jin sa da dare.